Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Matan da Suka Rubuta Abin da Muke Gani

A makon jiya na tsaya da labari a lokacin da na shiga kwaleji, kuma kafin in ci gaba zuwa maganar aurena ya zama dole in yi bayanin yadda ɗiyar mai sana'ar man gujiya da ƙuli-ƙuli a unguwar Bagalam ta shaƙu da karatu har ta zama malamar lakwal a nan Maraɗi. Dalilin yana cikin wasu littattafai ƙalilan waɗanda mata baƙar fata suka rubuta, kuma su ne har gobe nake miƙa wa duk yarinyar da ta zo ta ce mini tana son ta fara karatu ba don jarrabawa ba.

Na farkonsu madam ɗinmu ta Faransanci ce ta sa mu karanta shi, wato Une si longue lettre na Mariama Bâ, malamar makaranta ƴar ƙasar Sanagal, wanda ya fito a 1979, ya ci lambar yabo ta littattafan Afirka mai suna Noma a 1980, ita kuwa marubuciyar Allah ya yi mata rasuwa a 1981 tun ba ta ga iyakar inda littafinta zai kai ba. Wasiƙa ce doguwa da Ramatulayi ta rubuta wa aminiyarta A'isatu a cikin kwanakin takaba, tana ba ta labarin yadda mijinta Modu, bayan shekara 25 da aure da haihuwa 12, ya auri ƙawar ɗiyarsu ta fari ba tare da ya sanar da ita ba, sannan ya ƙaurace wa gidan har mutuwa ta ɗauke shi. A aji mun karanta shi ne don mu fitar da jigo mu samu maki, shi ya sa ban san nauyinsa ba sai da Baba ya rasu, Inna da abokiyar zamanta suka shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma.

A waɗannan darare na riƙa zama bakin tabarmar Inna bayan sallar isha'i ina juya mata littafin zuwa Hausa da baki, shafi bayan shafi, domin ita allo kaɗai ta yi, ba ta taɓa taka lakwal ba. Da muka kai wurin da Tamsir, ɗan'uwan mamacin, ya zo a ranar sadakar arba'in yana neman ya gaje matar, ita kuma ta buɗe baki ta ƙi shi a gaban liman bayan tsawon shekarun da ta yi tana haɗiye magana, sai Inna ta ɗaga mini hannu ta ce, “Dakata, ɗiyata. Wannan baiwar Allah, a wane gida na garin nan ta zauna?” Na ce mata, “Inna, ai a Dakar take, bakin teku.” Ta ce to lallai zawarci da kishi ba su da ƙasa. Makonni kaɗan bayan haka, da wani daga dangin Baba ya aiko da irin wannan magana, Inna ta ba da amsarta da kanta cikin ladabi, ba ta bari an amsa a madadinta ba.

Littafi na biyu ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya ya iso gidanmu, cikin kayan Yaya wanda a lokacin yake fataucin atamfa tsakanin Kano da kasuwar Maraɗi. A shekarun 1990 ƙananan littattafan Hausa na Kano sun cika gari, ana hayarsu ana musanyarsu daga ɗaki zuwa ɗaki, malamai kuma suna yi musu kallon raini suna cewa littattafan soyayya ne masu ɓata tarbiyya. A cikinsu na samu Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wanda ya fito a 1990. Karanta shi ya ba ni wahala da farko, tun da idona ya saba da ƙa'idar rubutun Faransanci, amma da na fara karantawa da ƙarfi sai kunnena ya riƙa gyara wa idona, har matan gidanmu da na maƙwabta suka mayar da tsakar gidanmu wurin saurare.

Labarin Rabi ne, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora da ƴaƴa tara saboda amaryarsa Delu, ta tashi ta kama sana'ar abinci ta riƙe ƴaƴanta har ta aurar da Saudatu, shi kuwa gobara ta cinye shagonsa a kasuwa, duniya ta juya masa baya. Abin da ya tayar da muhawara a tsakar gidanmu shi ne ƙarshen labarin, inda aka matsa wa Rabi ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta. Gwaggona ta ce daidai ne saboda ƴaƴa, Inna ta yi shiru, ƙananan matan kuwa suka ce an zalunce ta sau biyu. Ni ra'ayina shi ne marubuciyar ba ta kawo wannan ƙarshe don ta yaba shi ba. Ta rubuta abin da ake yi ne domin mu dube shi da idon basira, kuma littafin da zai sa matan da ba su iya karatu ba su kwana suna gardama a kan haƙƙin mace bai cancanci raini daga kowane malami ba. A wurina darajarsa ɗaya da na Mariama Bâ, kuma a 2012 an fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a ƙasar Indiya. Wadda ta gama shi sai ta nemi Wa Zai Auri Jahila? na wannan marubuciya, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sannan ta nemi So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, na 1980, wanda ya buɗe wa mata ƙofar ƙagaggen labari a Hausa.

Ba zan bar Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ba, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin ƴan taru inda jajis, wato mata malamai jagorori, suke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka. Na san tarihin garinmu, na san Katsinawan da suka kafa sarautar Maraɗi jihadin gidan su Nana Asma'u ne ya fito da su daga Katsina, kuma kakanninmu da Gobirawa sun gwabza da ɗan'uwanta Muhammadu Bello a Gawakuke a 1836. Duk da haka ban taɓa jin wannan tarihi ya hana ni koyi da macen da ta fahimci cewa ilimin mata sai an bi su da shi har cikin gidajensu ba.

Ga ƴan matan yanzu, ina ƙara musu da Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal ƴar garin Marwa ta Kamaru, wanda ya ci lambar Goncourt ta ɗaliban lise, wato babbar sakandare, a Faransa a 2020. Labarin mata uku ne waɗanda kowa yake ce musu su yi haƙuri, da wadda aka yi wa auren dole, da wadda miji yake duka, da uwargidan da aka yi wa kishiya. Akwai wurare masu ɗaci a cikinsa, don haka nakan so uwa ta fara karanta shi kafin ta miƙa wa ɗiyarta, su zauna su tattauna.

Waɗannan littattafai na Kano da na Dakar suna cikin akwatina ranar da dangin wanda zai zama mijina suka kawo gaisuwa, kuma su ne suka ba ni ƙarfin halin roƙon Kawu ya sa sharaɗin ƙarasa karatuna kafin a tsayar da rana. Yadda Kawu ya karɓi wannan roƙo, da abin da ya biyo baya tsakanin gidajen biyu, shi zan kawo a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.