Kwalbar da ke cikin sif ɗin Anti

Yau ban buɗe shago ba. Tun bayan sallar asuba Yaya ya kira ni ya ce in zo Tudun Wada da kwamfutata, domin lauya ya buƙaci a rubuta masa labarin audugar da likita ya manta a cikin Anti wajen tiyata, daga farko, rana bi rana, kafin ya mayar da shi takardar rantsuwa. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ba ta aiki da ƙorafin baka, sai wanda mai shi ya rantse a kansa.

Mun kai wata na uku a labarin, lokacin da cikin Anti ya kumbura bayan tiyatar haihuwa ana ta ce mata ciwon ɗinki ne, sai ga Kawu ya yi sallama a zaure. Bai taɓa shayin da aka kawo masa ba.

"Ashe da gaske ne za ku kai mutumin nan Abuja?" in ji shi. Yaya ya sunkuyar da kai. Kawu ya tuna mana cewa likitan nan ne ya yi ta duba Inna har ta rasu bai karɓi ko sisi ba, kuma da abin ya fito fili da ƙafarsa ya zo tare da dattawa biyu, ya ba da haƙuri, ya biya kuɗin aiki na biyu. "Uwa tana raye, yaro yana raye, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Diyya kuke nema?"

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, can ba a biyan diyya, wannan sai kotun farar hula." Na bayyana masa abin da lauya ya karantar da mu: kwamitin bincike ne zai fara duba takardar, ya aika wa likita ya kare kansa, kuma sai ya ga akwai abin tuhuma sannan ya miƙa maganar ga kotun ladabtarwa ta likitoci. Ita kuwa ko ta ja masa kunne, ko ta dakatar da shi na tsawon da bai wuce wata 6 ba, ko ta soke sunansa daga rajista, kuma yana da kwana 28 ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara. Har na kawo masa shari'ar Dakta Okonkwo na Inugu, wanda aka dakatar domin marar lafiyarsa ta ƙi ƙarin jini saboda addininta ta mutu, amma Kotun Ƙoli ta wanke shi a 2001. Nufina ya gane ba yanka mutum za a yi ba.

Kawu ya dube ni ya ce, "To duk wannan tonon asiri a kan wata shida?" Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Maganar ta tsaya mini a wuya har yanzu, domin ban sami amsa ba a lokacin. Ni ma ban manta da alherin likitan ba, ni ne nake kai Inna wurinsa a bayan babur. Kuma mantuwar auduga a ciki, ko da yake ƙa'ida ce a ƙirga ta kafin a ɗinke, zan iya kiranta kuskure, tun da hannun ɗan Adam ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne zuwa huɗu da Anti ta yi tana zazzaɓi ba a tura ta hoto ba, da kuma fayil ɗinta da aka ce ya ɓace a makon da Yaya ya neme shi. Na so in faɗa wa Kawu haka, amma nauyinsa ya hana ni.

Bayan la'asar na shiga cikin gida karɓo takardun hoto, sai na tuna cewa tun safe maza uku muke ja-in-ja a kan cikin mace, babu wanda ya tambaye ta. Anti ta buɗe sif, ta ɗaga atamfofi, ta fito da wata kwalba mai jan murfi wadda likita na biyu ya ba ta. Audugar tana ciki, ta yi baƙi ta dunƙule kamar goruba.

Na ce, "Anti, ke kina son a shigar da ƙarar?"

Ta ce, "Da ya zo ba da haƙuri, a zaure ya tsaya, maza ya bai wa. In an je can, zai zauna yana ji in faɗa?"

Na ce lauya ya ce ana kiran ɓangarorin biyu. Ta mayar da kwalbar ƙarƙashin atamfofin, ta ce gobe in zo da wuri, ita za ta je kotu ta yi rantsuwar da kanta.