Bashin dala, cinikin naira

Ƙannena masu shirin fara odar kaya daga Chaina, ku zauna in ba ku labarin yadda jarina ya zagwanye a Kantin Kwari alhali kullum ina cikin ciniki.

A farkon 2023 wani mai masaƙa a Guangzhou ya yarda ya ba ni shadda da atamfa bashi, na dala 20,000, in biya nan da wata tara. Lokacin dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canjin Wapa, kasuwar canjin kuɗi ta Kano. Na buga lissafi, miliyan 15 ke nan. Na ɗora kuɗin jirgi da na fito da ladan 'yan dako, na sa ribata, na yanke farashi. Kaya suka yi ta tafiya. Kusan rabi ma bashi na raba wa abokan hulɗata na Gusau da Maiduguri, su biya idan sun sayar.

Kun ga inda na kwana? Ana bi na dala, ni kuma ina bin mutane naira. Abin da ya shigo na bar shi a asusun banki, har na taɓa wani abu a ciki na canza mota.

Akwai wani dattijo da shagonsa ke jikin nawa. Da dala ta motsa, sai ya ƙara kuɗin kayan da suka daɗe a kan kantarsa. Na ce masa, "Baba Alhaji, ai wannan tsohon kaya ne." Ya ɗaga bandir ɗaya ya ce, "Yaro, idan na sayar da wannan, da nawa zan sayo ɗan'uwansa?" A raina na ce son kuɗi ne kawai. Ashe karatu yake ba ni kyauta.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, sai dala ta yi tsada a canjin gwamnati. Kwastan kuma da canjin gwamnati suke lissafin kuɗin fito, don haka kowace kwantena da ta sauka Legas ta fi ta baya tsada tun kafin a buɗe ta. Waɗanda suka sha daɗi su ne 'yan Maraɗi. Sefarsu a ɗaure take da yuro, suka riƙa zuwa suna kwasar kayana a tsohon farashi, ni ina ta murna kasuwa ta buɗe.

Da wa'adi ya cika sai na roƙi ƙarin lokaci, wai ina jiran dala ta sauko. Ba ta sauko ba. A Fabrairun 2024 tsoro ya kama ni, na sayar da motar da wani fili, na sayi dala a kan 1,800. Bashin miliyan 15 ya tashi a 36. Cikin Afrilu ta faɗo ƙasa da 1,200. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

To, idan dala ake bin ku, duk abin da ya shigo ku mayar da kason mai kaya dala a makon nan, ko ɗari biyu ce, kada ku zauna duban gobe. Farashi kuma ku yanke shi a kan kuɗin da za ku sake sayo kayan. Wanda zai karɓi bashi, ku gajarta masa kwanaki.

Yanzu duk ranar Alhamis yaron shagona yana Wapa kafin la'asar. Har yau akwai mutum biyu a Gusau da ban gama karɓar kuɗina a hannunsu ba, kuma a farashin 2023 za su biya.