Awon fili ke ciyar da mu, amma ƙasar da muke aunawa ita ma tafiya take yi

Sana'ata safiyo ce, awon ƙasa, kuma ɗan ƙaramin ofis nake da shi a Madina nan Akra, ɗaki ɗaya da baranda, ni da yarana na aiki da wata ƙanwata da ke riƙe mana takardu da lissafin kuɗi. Yawancin abin da muke ci da shi awon fuloti ne, wani ya sayi fili a Kasoa ko Amasaman ko Oyibi yana son takardar awo da zai kai Lands Commission, ko 'yan uwa sun zo rabon gado ana so a san inda na kowa ya tsaya. Wannan kam duk Zango an san mu da shi. Amma akwai wani ɓangaren aikin da kuɗinsa bai kai na fuloti ba kuma shi ya fi shiga raina, wato lokacin da malaman jami'a masu binciken ƙasa suka ɗauke mu mu kafa musu na'ura mu tsare ta, a kan tudu ko a bakin teku, kuma na lura mutanenmu ba su san cewa na'urar da ke raba rigimar iyaka ita ce dai ake auna motsin nahiya da ita ba.

Na'urar kowa GPS yake ce mata, amma GPS na Amurka ne kawai, taurarin ɗan adam kusan 30 da ke yawo a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a rana. Rasha na da nata GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma na'urorin yanzu duka suke saurara lokaci guda. Abin da tauraron ke aikowa agogo ne kawai da bayanin inda yake, na'urarka ta lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta mai da shi nisa, in ta samu taurari huɗu ta san inda take. Saƙon yana gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, shi ya sa in agogo ya kuskure da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa to mita 300 ne suka tafi. Wayarka da kake buɗe GhanaPostGPS da ita tana iya kuskurewa da mita uku ko biyar ko fi, ba laifi in gida kake nema, amma ba a kafa iyakar fuloti da wannan. Mu muna aiki da guda biyu, ɗaya a tsaye a kan wurin da aka riga aka san lambobinsa, ɗaya yaro na yawo da ita a kan sanda, ta tsayen tana gyara wa ta yawon kuskure nan take, wannan shi ne RTK, kuma yana kawo mu kan santimita ɗaya zuwa biyu.

To a Ghana samun lamba ba shi ne ƙarshen aiki ba. Tsofaffin taswirorinmu an gina su ne a kan awon zamanin Turawa, tun aikin su Guggisberg wanda shi kansa ɗan safiyo ne kafin ya zama gwamna a 1919, ma'aunin Akra na 1929, wato tushen da ake lissafa lambobin wuri daga gare shi, da ake lissafi da ƙafa, sannan daga baya aka zo da na Leigon da ke lissafi da mita, shi kuma tauraro da nasa ma'aunin na duniya yake magana, WGS84. Tsakanin na tauraro da na Akra akwai tazarar kusan mita 300. In ka haɗa su ba ka juya ba kamar ka sayi gari da olonka ɗaya ne ka sayar da wata daban kana mamakin ina ribar ta shiga. Na sha ganin takardu biyu na fili ɗaya da suka hau kan juna, masu filin har sun fara maganar kotu da 'yan tsaron fili, alhali ba wanda ya cuci wani, wanda ya yi awon ne bai rubuta da wane ma'auni ya yi ba. Shi ya sa a ofishina ba takardar da ke fita sai an rubuta ma'auni da ranar awo.

Ranar awo ɗin nan ita ce ta fara jan hankalina zuwa wajen masu bincike. Nahiyar Afirka a kan wani ƙaton faifan dutse take zaune, kuma faifan yana matsawa arewa maso gabas da santimita biyu da wani abu kowace shekara. Duk muna tafiya tare, gidanka da na maƙwabcinka da Masallacin Ƙasa na Kanda, saboda haka iyaka ba ta canzawa, amma lambar da tauraro ya ba ka shekara 20 da suka wuce yau ta goce da wajen rabin mita. Bayan wannan kuma ƙasar da kake takawa tana ɗagawa tana sauka sau biyu a rana saboda jan wata da rana, irin yadda teku ke cika yana janyewa, a nan kusa da tsakiyar duniya abin kan kai santimita 30 kuma ba mai ji a jikinsa. Ranar da na fara ganin wannan a kan kwamfuta, layi yana hawa yana sauka daidai da wata, wallahi tasbihi kawai na yi ta yi.

Aikin bincike ba irin na fuloti ba ne da za ka taɓa kusurwa huɗu ka wuce. Su milimita suke nema. Ana samun dutse na asali wanda ba ya motsi, ba ƙasar cike ba, a huda shi a dasa ƙusar ƙarfe ko tagulla da siminti, ita ce shaida. Sai mu zo mu kafa ƙafa-uku a kanta, a danna ƙafafun sosai, a daidaita kumfar ruwan nan ta zauna tsakiya cif, a leƙa ta madubi a ga tsinin ya faɗa daidai kan ɗigon da ke jikin ƙusar, sannan a auna tsayin eriya da tef ta ɓangare uku a rubuta a littafi, a ɗauki hoton tef ɗin, a juya eriyar ta kalli arewa. Daga nan na'ura ta fara rubuta bayani duk daƙiƙa 30, a bar ta kwana da kwanaki ba a taɓawa. Sauran aikin tsaro ne, a duba batir, a kori akuya, a hana yara jingina, in hadari ya taso a tabbata an danne ƙafafun da duwatsu. In za a tashi a sake auna tsayin eriyar, in bai zo ɗaya da na farko ba to wani abu ya motsa kuma dole a faɗa.

Wani aiki da muka yi a kan tudu ta wajen Weija, wani dattijo mai gadin gona ya zo ya tsaya yana kallonmu, can ya ce, "Ɗana, wannan abin naku zinariya yake nema?" Don yanzu da maganar galamsi, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta cika gari duk wanda aka gani da na'ura a daji zarginsa ake. Na ce, "A'a Baba, dutsen nan muke dubawa ko yana motsi." Sai ya ce ai shi ya san yana motsi, don ranar da ƙasa ta girgiza da dare kwanukan ɗakinsa sai da suka yi ƙara. Daga nan ya zama shi ke tsare mana wurin in yara sun sauka sallah ko sayen waakye, kuma ba ya barin kowa ya matso kusa.

Dattijon gaskiya ya faɗa. Akra tana kusa da inda tsagewar dutse biyu suka haɗu a ƙarƙashin ƙasa, ta Akwapim da ta gangaro daga tsaunuka da kuma ta bakin teku, shi ya sa yankin Weija da McCarthy Hill da Kasoa suka fi jin girgiza. A ranar 22 ga Yuni 1939 an yi babba mai ƙarfin kusan 6.5 wadda ta kashe mutum 17, lokacin garin bai kai komai ba in aka kwatanta da yanzu, kafin nan ma an yi ta 1862. Ƙanana kuma mun ji su da kanmu, Disamba 2018, Yuni 2020, Disamba 2022. Hukumar binciken ƙasa ta Ghana tana da na'urorin da ke rubuta girgiza in ta faru, amma tauraro wani abu daban yake nunawa, wato ko gefen tsagewar nan da wancan gefen suna matsar juna a hankali kafin a ji komai. Ba ya faɗin ranar girgiza, kar wani ya ruɗe ku, amma yana nuna inda ƙarfi ke taruwa, kuma a wuri irin namu da motsin ƙanƙane ne sai an koma kan ƙusa ɗaya shekara bayan shekara kafin a raba motsin gaske da hayaniyar awo. To ka ga in yaro ya yi kasala ya rubuta tsayin eriya da ka bai auna ba, ko ya kafa ta goce da milimita biyar, malamin da ke zaune a ofis zai ga ƙasa ta motsa alhali hannun yaron ne. Nakan gaya wa yarana, malamin nan yana da digiri uku amma abin da zai rubuta a kan littafinku ya dogara, kuma ba ni da haƙuri ko kaɗan a kan wannan.

Akwai kuma abin da duk ɗan safiyo a ƙasar nan ya sani ko bai san dalilinsa ba, bayan magariba na'ura takan fara gardama. Kana aiki lafiya lau, rana na faɗuwa sai yaro ya kira, "Maigida, ta ƙi kamawa." Can sama akwai wani sashe mai caji da saƙon ke ratsawa, ayonosfiya, kuma mu da ke kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, wanda ya ratsa ta arewacin Ghana, da dare sashen kan yamutse saƙo ya riƙa rawa, ya fi tsanani wajen Maris da Satumba zuwa Oktoba da kuma shekarun da rana ke kan ganiyarta irin 2024. A watan Mayu na shekarar ma guguwar rana ta tsayar da taraktocin manoma a Amurka da ke shuka da GPS. Mu abin haushi ne, muna tattara kaya, su kuwa masu bincike wannan rawar ita ce abin da suke so, da ita suke nazarin sama. Haka tururin ruwa da ke iska, yana jinkirta saƙo, mu muna cire shi a lissafi, masu hasashen yanayi kuma suna karanta shi su san yawan danshin da ke sama.

Tsayi shi ne ya fi wahala. Tsayin da tauraro ke bayarwa daga wata siffar lissafi ta duniya yake aunawa, ba daga teku ba, kuma a nan bambancin ya haura mita 20, sai an gyara da taswirar nauyin ƙasa irin EGM2008 kafin ka san ta ina ruwa zai gangara. Wanda ya ga abin da ambaliyar Odaw ta yi a Circle ranar 3 ga Yuni 2015, ko ya ga Mepe bayan an saki ruwan Akosombo a 2023, ya san maganar tsayi maganar rai ce. A bakin teku kuma, Takoradi na da ma'aunin hawan ruwa na tun zamanin Turawa, cikin mafi daɗewa a Afirka, amma ma'aunin shi kaɗai ba zai gaya maka ko teku ne ke hawa ko ƙasar da aka kafa shi ce ke nutsewa ba, sai an ajiye na'urar tauraro kusa da shi. Taurarin da ke auna teku tun 1992 sun nuna yana hawa da sama da milimita 3 a shekara a duniya, in ƙasa kuma tana sauka to sai a haɗa biyun, kuma mutanen Keta da Fuveme da teku ya ci gidajensu su ne ke biyan wannan lissafin.

Abin da ke ci min rai shi ne turakun awo. Ka koma wurin da aka dasa shaida ka tarar gireda ta tumɓuke ta, ko wani ya fasa kankaren don ya cire ɗan ƙarfen ya sayar wa 'yan gwangwan, ko an gina katanga a kanta. Wani ɗan kwangila ya taɓa ce min ai sai a dasa wata, bai gane cewa sabuwa daga sifiri za ta fara ba, duk shekarun da aka tara a kan tsohuwar sun tafi. Don Allah 'yan uwa in kun ga turken kankare mai lamba ko ƙusa a jikin dutse a filinku ku bar shi, ba asiri ba ne kuma ba alamar za a ƙwace fili ba ce.

Maganar kuɗi kuwa, kayan nan da dala ake saye mu kuma da sidi ake biyanmu, na'urorin Sin sun sauƙaƙa mana sosai don da na'urar Trimble ko Leica sai babban kamfani, kuma lissafin bayanai ana iya tura shi kyauta ta intanet zuwa AUSPOS na Ostareliya ko na gwamnatin Kanada su dawo maka da amsa. Aikin jami'a kuɗinsa kan makara, sai ka ci bashin mai da abincin yara daga kuɗin fuloti, duk da haka ban taɓa mayar da shi ba. Ƙasar tana da tashoshin dindindin da ke sauraron taurari dare da rana, an fara da Akra da Kumasi da Takoradi, ga kuma babbar eriyar Kuntunse mai kama da faifai mai faɗin mita 32 da aka buɗe a 2017 don sauraron sararin samaniya, amma tashoshin suna buƙatar ƙari musamman a gefe biyu na tsagewar Akwapim, kuma tasha ba ta da amfani in wuta ta ɗauke ta yi wata uku a kashe. Ni yanzu abin da nake tara wa kuɗi ke nan, na'ura ɗaya da ba za ta riƙa fita aiki ba, da sola da batir da layin intanet. Rufin ofishinmu kwano ne kuma ginin yana kan ƙasar cike, ba zai yi ba, shi ya sa nake magana da wani Alhaji da ke da fili mai dutse ta hanyar Aburi ko zai ba mu ɗan gefe mu zuba ginshiƙi, in Allah ya yarda kafin damina.