Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Masu Jira a Bayan Kwata

Makon jiya na tsaya a ranar da Baba ya fara tafiya da ni kwata, ina ɗan shekara 9. Daga unguwar Aboabo ta birnin Kumasi muke fitowa bayan sallar asuba, shi da wuƙaƙensa, ni da daro a ka. Aikina shi ne kwashe guntayen hanji da ƙazantar tumbi in kai bayan katanga.

A can masu jira suke. Ungulaye kan jeru a kan rufin kwano tun ana fiɗa, ba wadda take motsi. Da na juye daron sai su sauko, suna tafiyar nan tasu ta ɗingishi, suna ture juna da fiffike. Bakin ungulu siriri ne, ba ya iya huda fatar shanu, amma yana shiga tsakanin haƙarƙari ya tsinto naman da wuƙa ta bari. Hankaka kuwa ba ya ja da ita gaba da gaba. Sai ɗaya ya ja mata jela, tana waiwayawa ɗan'uwansa ya sure kitsen. Shirwa ba ta ma sauka. Da rani take zuwa Kumasi, ta koma arewa idan damina ta kama, kuma a sama take cin abin da ta fauce. Ta taɓa fizge guntun huhu daga kaina, farcenta ya karce ni a kunne.

Na tambayi Baba me ya sa ba ya korar su. Ya ce, "Bar su, ɗan nan. Ungulu ba ta jewar banza, sharar da ba mu iya ba ita ke yi mana."

Bara na koma wajen, na daɗe a tsaye ina duban rufin. Hankaki ne fal, da karnuka a ƙasa. Ungulu biyu kacal na ƙirga. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa irin wannan ungulun cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba na kashe su, masu neman kawunansu don haɗa magani na farautarsu. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don ko ni ina cikin yaran da suka jefe su da dutse.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin ranar da Baba ya fara miƙa mini wuƙa.