Godiya ga waɗanda suka tsaya a kan baje kolin zane-zane

Assalamu alaikum. Mu malaman zane na makarantun sakandare a nan Jos muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a babban baje kolin zane-zanen da aka rufe makon jiya. Ɗalibanmu sun saba ganin sassaƙen Nok a gidan tarihin Jos, wanda ke nan tun 1952, amma sabbin zanuka masu yawa haka a zaure ɗaya, da yawansu sai wannan karon. Allah ya saka da alheri.

Masu zanen sun sha yabo, kuma sun cancanta. Har yanzu yara na maganar zanen kududdufan haƙar kuza, wanda aka ɗora masa fenti da wuƙar fenti maimakon buroshi: a kusa gudajin shuɗi da ja kawai za ka gani, sai ka ja da baya taku uku ruwan ya bayyana. Sai kuma matan nan masu dankali a kasuwar Farin Gada, da gawayi zalla aka zana su.

Amma godiyarmu ta musamman ga masu rataya zanukan ce, don aikinsu ba a cika lura da shi ba. Tsakiyar kowane zane tana wajen santimita 150 daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye, shi ya sa aka zagaya zauren ba ciwon wuya. Manyan zanukan kuwa ƙugiya bibbiyu aka yi musu. Ƙusa ɗaya takan bar zane ya karkace, ga shi falankin da aka raba zaure da shi ba ya riƙe nauyi kamar bangon siminti.

Masu haɗa wuta, sannunku da aiki. Kun sa ƙwayayen LED marasa zafi, kun karkata su kamar digiri 30. Da sun fuskanci zanen kai tsaye, ƙyallin fentin mai ne zai kashe wa mai kallo ido. Da sun miƙe daga sama sosai, inuwar firam ta rufe saman zanen. Mun ji wasu baƙi na cewa ɓangaren zanen takarda ya yi duhu. Da gangan ne, 'yan'uwa. Fentin ruwa a kan takarda ɗan haske yake so, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da fentin mai ke ɗauka, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa.

Ga shi lokacin hunturu ne. Zane yana son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Idan iska ta bushe, katako ya tsuke, kusurwar firam ta buɗe, fenti ya tsattsage. Iyayenmu mata masu shara sun fahimci wannan: tagogi a rufe, ba tsintsiya, da jiƙaƙƙen tsumma suke goge ƙasa kafin a buɗe ƙofa. Mun gode, Allah ya yi wa zuri'a albarka.

Waɗanda suka sayi zane, mun gode da ƙarfafa wa matasanmu gwiwa. A ɗauke shi a tsaye da hannu biyu ta gefe da gefe, kada leda ta taɓa fuskarsa, don fentin mai kan yi wata 6 zuwa shekara bai gama bushewa ba. Kada a rataye shi inda rana ke bugawa ko kusa da hayaƙin girki.

Roƙonmu ga masu shiryawa: baɗi, in Allah ya kai mu, a ƙara bayani da Hausa a takardar da ke gefen kowane zane, a kuma ware wa makarantu safiya guda.