Godiya ga Mahalarta Taron Wayar da Kai kan Ciwon Suga

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi taro lafiya an tashi lafiya. Muna godiya ga likitoci da masana abinci da suka yi jawabi, da ma'aikatan jinya da suka wuni a tsaye suna gwajin jini da awon nauyi, da iyayenmu da suka jure dogon zama. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Godiya ta musamman ga waɗanda suka tsare mu da tambaya ɗaya: shin abinci yana warkar da ciwon suga nau'i na biyu? Ga amsar a rubuce, don kada maganar ta sauya kama a bakin mutane.

Ciwon yana lafawa, ba ya warkewa. Ana cewa ya lafa ne idan gwajin HbA1c, wato gwajin jini da ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3 da suka wuce, ya sauka ƙasa da 6.5% bayan aƙalla wata 3 da daina shan maganin suga. Abin da ke kawo haka raguwar nauyi ne. Kitse yana taruwa a hanta da fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin (sinadarin da ke daidaita suga a jini), ya hana su aiki yadda ya kamata. Idan kitsen ya zube, sai su farfaɗo. Wannan shi ne bayanin Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle, kuma shi aka gwada a binciken DiRECT a Birtaniya. An ɗauki masu ƙiba waɗanda ba su wuce shekara 6 da gano ciwon ba, kuma ba sa allurar insulin. Aka ɗora su kan abinci mai ruwa-ruwa da aka auna, kalori 825 zuwa 853 a rana, tsawon wata 3 zuwa 5, sannan aka dawo musu da abincin yau da kullum sannu a hankali cikin mako 2 zuwa 8.

Bayan shekara ɗaya, ciwon ya lafa wa 46%. A cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, 86% ne. To amma a shekara ta biyu adadin ya koma 36%, a ta biyar kuwa 13% ne kawai daga cikin waɗanda aka ci gaba da tallafa wa. Masu tallan “warkewa har abada” ba sa kai labarin nan.

Me ya sa yake dawowa? Nauyin ne ke dawowa. Jikin da ya rame yana ƙara jin yunwa, yana kuma rage ƙarfin da yake ƙonawa, don haka ba ragwanci ba ne, kada a zargi kowa. Da zarar kitse ya koma hanta, suga zai hau. Wanda kuma ya daɗe da ciwon, ƙwayoyin da ke yin insulin sun riga sun jigata, damarsa ta fi ƙanƙanta.

Muna gode wa likitan da ya ja kunne kan magani. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyin suga gliclazide ko glibenclamide, idan ya zabge abinci ba a gyara masa magani ba, sugansa zai faɗi warwas: rawar jiki, zufa, har suma. Masu shan maganin suga empagliflozin da danginsa, ƙarancin abinci na iya sa jininsu ya yi tsami, abin da ke kai mutum gadon asibiti. Maganin hawan jini ma yakan yi yawa idan nauyi ya ragu, sai jiri ya biyo baya. Akwai bushewar ciki da ciwon kai a makonnin farko, kuma saurin rama yakan haifar da tsakuwa a matsarmama. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai nau'i na ɗaya, wannan tsari ba nasu ba ne sam.

Ga 'yan uwanmu da suka zo da albishir cewa nasu ya lafa, muna taya ku murna, amma kada ku yar da katin asibiti. A riƙa hawa ma'auni duk mako, idan an ga kilo 2 ya ƙaru a koma wurin likita tun bai zama 5 ba. Gwajin HbA1c aƙalla sau ɗaya a shekara, haka ma duba ido da ƙoda da ƙafa. Mun gode ƙwarai.