Wasiƙa daga Kolon: akwatin da aka gina wa coci

'Yan'uwana na gida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Dattawanmu sun san sunan Kolon tun zamanin da Muryar Jamus ke magana daga nan, kafin ta koma Bon a 2003. Ranar Asabar na shiga babban cocin garin, mai hasumiya biyu da kowace ta kai mita 157. Can ƙurya, bayan bagadi, wani akwati ya tsayar da ni cak.

Tsawonsa ya haura mita 2. Katako ne aka lulluɓe da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, siffarsa kamar ƙaramin coci. A jikinsa an ƙera annabawa zaune, kowa da irin fuskarsa, har naɗewar rigunansu kana gani. Maƙeri Nikolas na Verdun ne ya soma aikin a ƙarshen ƙarni na 12, ba a gama ba sai wajen 1225.

Abin da ke ciki ƙasusuwa ne, waɗanda Kiristocin wancan zamani suka gaskata na masanan nan ne da suka zo daga gabas gaida jariri Yesu, Annabi Isa, da zinariya da lubban da mur. Ana kiransu sarakuna uku, amma Linjilar Matiyu ba ta ce su uku ba ne, ba ta kuma kira su sarakuna ba. Mutane ne suka ƙidaya kyaututtukan.

Hanyar da ƙasusuwan suka zo Kolon ce ta sosa mini rai. Ganimar yaƙi ce. Sarkin Jamus Barbarossa ya ci birnin Milan na Italiya, inda ƙasusuwan suke, a 1162, babban limamin Kolon, Rainald, ya kwaso su a 1164. Nan fa masu ziyara suka yi ta tururuwa, har a 1248 aka aza harsashin sabon coci domin akwatin. Ginin bai kammala ba sai 1880. Magina nawa suka mutu ba su ga rufinsa ba! Har yau kambi uku ne a tambarin garin, domin tunawa da masanan nan.

Na tarar da masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto. A gefe wata tsohuwa ta durƙusa, carbi a hannu, leɓenta na motsi, ko kallonsu ba ta yi. Na daɗe tsaye a bayanta, wayata a aljihu, har ta dafa benci ta miƙe.

A gaida mutanen gida duka.

Naku,
daga Kolon, Jamus